Saura Ƙiris, In Ji Yaya Sule

Duk wanda ya san Yaya Sule ya san ba ya amsa gaisuwar mai mota sai ya fara gaisawa da salansa, bututun hayaƙin motar. Ka tsaya a bakin garejinsa na Gada Biyu ka miƙa masa hannu, sai ya wuce ka kamar bai gan ka ba, ya zagaya bayan motar ya durƙusa, ya cire farar hularsa ya kara a bakin salansa, ya ce ka taka mai. In hular ta fito da baƙi, to ka shiga uku. "Wane jahili ne ya taɓa maka famfo?" Sai bayan nan zai tambaye ka ya iyali. Ni ce Ladi ƙanwarsa, ni na sha wankin hulunan nan kafin a yi mini aure, saboda haka kada wanda ya zo ya ba ni labarin kirkinsa. Na san yana da kirki, na kuma san sauran.

Sana'arsa gyaran famfon injekta, abin nan da ke auna man gas ya tura wa inji. A kan famfo babu abin da ba zai bari ba. Ranar sunan ɗansa na fari, liman na tsakiyar addu'a kowa ya ɗaga hannu, wata akori-kura ta wuce ƙofar gidanmu a Nasarawa Gwom tana tari. Yaya Sule ya sauke hannu ya bi ta da gudu. Da ya dawo har an raba goro.

"An raɗa?" ya tambayi Inna, mahaifiyarmu.

"An raɗa."

"Madalla. Amma wallahi motar can nozul ɗinta ɗaya ya toshe."

Gab da soja za su miƙa wa farar hula mulki ya sayi tasa akori-kurar, gwanjon wani kamfanin kuza. Ranar Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe, don akwai abin da take jira. Tun tana amarya Baba ya taho da ita Jos haƙar kuza daga wani ƙauye a gefen Kazaure, kuma ba ta sake taka garin ba. Ƙanwarta ɗaya ta rage mata a can, Goggo Tasalla, kullum saƙonta shi ne a zo su ga juna tun da sauran numfashi. Inna kuwa ta rantse ba za ta shiga garinsu a motar haya ba. "Su ce na ƙare rayuwata a kan dutse ban tsinana komai ba? A motar ɗana zan sauka a ƙofar gidanmu."

Motar nan lafiyarta lau aka sayo ta. Yaya Sule ne ya ce ba ta da ƙarfi. Famfo biyu gare shi, har suna ya sa musu: Bajamushe, dogo mai bututu a jere, da Ɗan Ingila, wani dunƙulalle. "Bajamushe akwai ƙarfi, sai dai ci kamar gara. Ɗan Ingila akwai ladabi, amma da ya hango hawa sai ya fara neman gafara." Yau ya ɗaura wannan ya je ya gwada a hawa, gobe ya kwance ya ɗaura wancan. Ya murɗa sukurun mai ƙiris, hayaƙi ya fito, ya mayar, ƙarfi ya ragu, ya zauna yana tsaki. Wai iskar Jos ba ta da kauri, famfon da aka saita a kan dutse da ya gangara ƙasar Kano wani hali zai canja. Ga maƙo: ba zai sayi wasa, zoben nan da ake sa wa noti, a kanti ba, gwangwanin madara yake yankawa da almakashin matarsa. Langar da Inna ta ajiye za ta kai wa Goggo tsaraba, a cikinta muka tarar da ƙananan sifirin na famfo suna wanka a kananzir.

"Sule, yaushe ne tafiyar?"

"Saura ƙiris, Inna."

Damina ta zo ta wuce a kan ƙiris ɗin nan.

Sau ɗaya dai mun kama hanya, kada in ci haƙƙinsa. An loda buhun dankali da kabeji, ni da kaya a baya, Inna a gaba da sabon mayafi tana ɗaga wa maƙwabta hannu. Mota na tafiya sumul har muka kusa Jengre. Sai ga Oga Lasisi, wani Bayarabe mai gareji kusa da nasa, ya taho da tasa akori-kurar yana tuttula hayaƙi, ya wuce mu, har da ɗan oda. Ina jin motarmu ta rage gudu na san an gama. Yaya Sule ya gangara gefen titi ya buɗe bonet.

"Me ya lalace?" in ji Inna.

"Babu abin da ya lalace. Lasisi ne ya wuce ni."

"To ya wuce mana, garinmu ɗaya da shi?"

"Inna, mutumin da ke saita famfo da guduma? Ba zan kai ki gaban danginki da Ɗan Ingila ba. Mu koma in ɗaura Bajamushe, gobe-goben nan."

Kafin azahar muna Nasarawa Gwom. Maƙwabtan da suka yi mana rakiya suka fito suna tambaya ko mantuwa muka yi. Dankalin Goggo mu muka cinye shi, kuma ban taɓa cin abin da ya tsaya mini a wuya irinsa ba.

Shi kansa Lasisi da labari ya kai masa sai da ya zo har gida ya durƙusa. "Mama, don Allah shiga moto nawa, ni zan kai ka har ƙofar gida. Wannan oga ba zai gama ba."

Inna ta sa masa albarka, ta ce ta gode, amma tana da ɗa. Na yi faɗa, na yi kuka, na ce mata ɗan nata mota yake aure ba mutane ba. Ta ce in yi wa yayana magana da ladabi. Taurin kan nan ba daga ƙasa ya tsince shi ba.

Da sanyi ya shigo aka aiko cewa Goggo na kwance. Na tafi garejin da kaina, na tarar da motar baki buɗe, Bajamushe a warwatse a kan tabarma, Ɗan Ingila a cikin langa. Wai dabara ta zo masa, zai ba wa ɗaya nozul ɗin ɗaya.

"Yaya, ka ɗaura ko wanne ne. Ko da rarrafe motar za ta je, ta je."

Bai ko ɗago kai ba. "Ladi, ba ki san aikin nan ba. Saura ƙiris."

Saƙo na biyu na rasuwar Goggo ne. Inna ba ta yi masa faɗa ba, kuma da ta yi da ya fi mana sauƙi. Ta ninke sabon mayafin ta sa a akwati, ba ta sake tambayar tafiya ba. Ba ta yi wani dogon ciwo ba, abinci kawai ta rage, magana ma haka, har wata safiya matar Yaya ta shiga kai mata koko ta tarar rai ya yi halinsa.

Mu mata muna cikin gida lokacin da aka fita da ita. Ina jin an ɗora makara a bayan motar Yaya Sule, aka murɗa makulli, bugu ɗaya ta tashi. Wallahi ban taɓa jin inji mai daɗin sauti irin na ranar ba, babu tari, babu kakari. An ce a hanyar maƙabarta har wani direba ya matso ya raɗa masa, "Oga Sule, wane famfo ne wannan?"

Da suka dawo na tare shi a zaure, ban bari ya zauna ba.

"To Yaya, ka kai ta. Ƙarfin ya isa?"

Ya daɗe yana kallon hannuwansa, baƙin mai duk a ƙarƙashin farce.

"Jiya da yamma na gama," ya ce. "Na ce bari in bari sai da safe in ce mata ta shirya."

Sai ya zauna a ƙasa ya fashe da kuka kamar yaro, ni kuma na tsaya a kansa na kasa cewa ya yi haƙuri. Har ya koma ga Allah ban faɗa masa ba, kuma ba zan yi muku ƙarya in ce duk abin ya fita daga raina ba. Amma ɗan Inna ne, ita kuwa ba ta taɓa yarda a aibata shi a gabanta ba.

Allah Ya jiƙan Yaya Sule, Ya yafe masa, Ya sanyaya kabarinsa. Allah Ya haɗa Inna da Goggo Tasalla a Aljanna, shi ma Ya kai shi inda suke ba tare da jinkiri ba. Amin.