Wayar da Baba Ya Cire

Shekarar da sojoji suka koma bariki aka rantsar da farar hula, kowa a Tarauni yana jiran rabonsa. Namu rabon bencina ne. Wani ɗan kwangila ya sami aikin gyaran makarantun firamare, ya ba mahaifina aikin kujerun, ya jibge mana katako har bakin ƙofar shago, da sharaɗin a gama kafin a dawo daga hutu.

Baba tsohon kafinta ne na ma'aikatar ayyuka. Da ya yi ritaya, abin da aka sallame shi da shi kaf ya zuba a injin tsaga katako na ƙasar waje, mai faffaɗan tebur da zarto a tsakiya. Ni da nake aiki tare da shi, ina da mata da 'ya'ya, sai da izininsa nake kunnawa.

Muna cikin tsaga wata hantsi layi ɗaya cikin layukan wuta uku da injin yake ja ya ɗauke. Motar da ke juya zarton ta yi gurnani, ta yi hayaƙi, ta tsaya. Ƙauri ya cika shagon.

Aka kwatanta mana wani mai naɗin koyil, wato wayar cikin irin wannan motar, a Gyaɗi-Gyaɗi, mutumin Filato. Na ce mu ɗauka mu tafi, Baba ya ce a'a. A ma'aikatarsu, in ji shi, ba a kai wa mai gyara kaya da ƙazanta, raini ne. Ya zauna ya kwance motar, ya yanke ƙonanniyar wayar tas, ya wanke ramukan da kananzir har suna ƙyalli. Wayar kuma ya ba 'yan gwangwan da suka wuce. Har yau idan na tuna yadda yake murmushi yana gogewa, haushi da tausayi suke haɗuwa su tokare ni.

Da muka kai, mai gyaran ya leƙa cikin motar, ya dubi Baba.

"Baba, ina tsohuwar wayar?"

"Na rage maka aiki, ɗana."

Sai ya yi mana bayani a hankali, cikin ladabi. Da ƙonanniyar wayar ake gane kaurinta da yadda aka naɗa ta, ita ake kwaikwaya. Irin wannan motar kuwa bai taɓa buɗe ta ba, kuma bai san wanda yake da irinta a garin nan ba. Na bi 'yan gwangwan har Darmanawa, na tarar sun riga sun haɗa ta da sauran tarkace an kai narkawa.

Mai gyaran ya naɗa sabuwar waya da ka, don Baba ya roƙe shi. Muka ɗaura, zarto ya juya, muka yi hamdala. Kafin mu gama katako na biyu motar ta yi zafin da ba a taɓawa. Ya sake naɗawa, ta sake ƙonewa. A karo na uku shi da kansa ya ce kada mu ƙara wahalar da kanmu. Muka koma zarton hannu, ni ina ja, Baba yana haki, amma ina, aikin ya fi ƙarfinmu.

Ɗan kwangilar bai yi faɗa ba, da ma ya yi ya fi mini sauƙi. Kura kawai ya turo a kwashe katakonsa a kai wa wani. Na ce Baba ya shiga ciki, ya ƙi. Da hannunsa ya taya su lodi, yana jera katakon yadda ba zai goge ba. Da za su tura sai ya dafa na saman, ya ce wa mai kurar:

"Ka gaya wa wanda zai yi aikin, wannan bai gama bushewa ba. Ya bar shi sai ƙarshe."