Kasaken Tsutsa

Da aka turo ni aikin duba-gari a Wurno, ɗaki na kama a gidan wata dattijuwa maginiyar tukwane. Ni baƙuwa ce daga kudancin Kaduna, Kirista kuma, amma ban daɗe ba ta fara ce mini "ɗiyata", ni kuma ina ce mata Inna. Ranar Lahadi in na dawo daga coci, sai in tarar ta ajiye mini fura a gindin randa ta yi sanyi. Duk randar da ta gina tana da zane a wuya, layuka masu lanƙwasa da ɗigo a tsakani. A hannun mahaifiyarta ta koye shi, da shi kuma matan gari ke gane kayanta a kasuwa.

A kan hanyar Rabah akwai wani kamfani da ke haƙar farin dutsen da ake haɗa siminti da shi. A can ake dafa wa leburori abinci, bayan madafar kuwa shara ta yi tudu: ragowar shinkafa, ɓawon albasa, ruɓaɓɓen tumatir, da kayan cikin kifin da ake kawowa daga dam ɗin Goronyo. Gudawa ta yi yawa a cikin ma'aikata, aka tura ni in duba.

Na tarar mai kula da tsabtar wurin yana gwada wata dabara. Akwai wani baƙin ƙuda dogo kamar zanzaro, ba ya sauka a kan abinci, tsutsarsa kuwa ba ta da aiki sai cin shara. Tana cinyewa ta bar taki mara wari, ita kuma a ba kaji da kifi. Matsalarsa ɗaya: a manyan robobi yake kiwonta, rana na ɗagawa robar ta ɗauki zafi, tsutsa ta mutu. Na ce masa na san mai gina kasko.

Da murna na koma gida, don a ganina na samo wa Inna ciniki.

"Tsutsa?" ta ce, ta dakata da cuɗa yumɓu. "Mi za a yi da tsutsa, ɗiyata?"

Na yi mata bayani. Ta yi dariya har tana share hawaye da bakin zane.

"To, in dai ƙazanta taka ci, ai aikin lada na. Ce mai shi aiko mota."

Ta gina kasake masu faɗi, ta yi wa kowanne zanenta a baki. Na gani, har na yaba, ban kawo komai a raina ba.

Abin ya yi kyau ƙwarai. Wari ya ɗauke, gudawa ta ja baya, masu noman albasa a fadama suka fara zuwa neman takin. Shugabana ya yaba mini a gaban jama'a.

Wata ranar kasuwa, wani lebura ya bi ta rumfar Inna da matarsa za su sayi randa. Ya duba wuyan randar ya ce, "Wanga zane ai irin na tukunyar tsutsa na." Da wasa ya faɗa, amma akwai mata a wurin. Kafin kasuwa ta sake ci, magana ta zama wai Inna na karɓo tsoffin kasaken ta farfasa, ta cuɗa da sabon yumɓu. Tsohon kasko da ake dakawa a zuba a yumɓu abu ne da kowace maginiya ke yi, shi ya sa maganar ta zauna, ko da yake kasko ko ɗaya bai taɓa dawowa daga wurin haƙar ba.

Na ce zan gyara. Ranar awo a asibiti na tashi gaban mata na yi dogon bayani a kan tsabtar tsutsar nan. Waɗanda ba su taɓa jin zancen ba, ranar suka ji. Wata daga Magarya ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe gaskiya ta!"

Inna ta riƙa dawowa da kayanta yadda ta fita da su. Ana cikin haka kamfani ya gina kwamin siminti a inuwa, ya daina sayen kasko. Na kasa shan furarta da daɗi. Nakan daɗe a asibiti bayan an tashi, don kada in dawo in ga randuna jere a bakin zaure.

Wata safiya na fito na ganta ta gama gina randa. Ta ɗauki tsinken zane, ta riƙe shi jim kaɗan, ta mayar ta soke a danga. Ta shafe wuyan randar sumul da jiƙaƙƙen tsumma. Ƙanwarta ce za ta riƙa kai randunan kasuwar Gandi, inda ba a san na wa ne ba.

Na durƙusa na ce, "Inna, ni na jawo miki. Ki yafe mini."

"Mi kinka yi? Alheri kinka nuhwa. Tashi, kina ɓata kayan aikinki."

Da ta yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi.

Bayan damina aka mayar da ni Goronyo da ƙarin girma, kuma aikin tsutsar nan na cikin dalilan. Can ma an nemi in koya wa masu kiwon kifi, na koya musu, da kwamin siminti.

Na koma gaishe ta kafin ta rasu. Idonta ya yi rauni, jikarta ce ke ginin, ita tana zaune tana lalubar kaurin yumɓu da yatsa. Cinikin Gandi ya riƙe gidan, ba laifi. Ta tambayi lafiyar mahaifiyata, ta tambaya ko har yanzu ban yi aure ba, ta sa aka ɗaure mini tafarnuwa a leda. Da direba ya danna hon, ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta raka ni har bakin hanya tana yi mini faɗa a kan na rame.