Baba Ya'ƙub, Mai Dashen Murjani a Bahar Maliya

Da an sallame sallar asuba a masallacin layinsu a unguwar Ard al-Liwa da ke Masar, Baba Ya'ƙub ba ya komawa barci. Yakan tsallake layin dogo, ya hau mikrobas, ƙaramar bas ɗin haya, zuwa wani gida a Giza inda wata ƙaramar ƙungiyar kare teku ke da ɗaki a ƙasa. A ciki akwai tankokin gilashi cike da ruwan gishiri. Zai tsoma yatsa ya ji sanyin ruwan, ya duba injin da ke juya shi, sannan ya ɗauki buroshin haƙori ya shiga goge gansakuka daga jikin wasu ƙananan rassa da aka dasa a kan dunƙulen siminti. Maƙwabta da yawa sun ɗauka kifin ado yake kiwo. Murjani yake reno.

Mu Hausawa a wuyan mata muka san murjani. Baba Ya'ƙub, Bahaushen Bur Sudan da ya girma yana nutso a Bahar Maliya, ya san shi da ransa. Halitta ce mai girma a hankali ƙwarai, har ta taru ta zama kamar ganuwa a ƙarƙashin ruwa. A cikinta kifi ke hayayyafa, a kanta igiyar ruwa ke karyewa kafin ta kai gidajen masunta. Reshen da ƙafar mutum ɗaya za ta karya, sai ya yi shekaru bai mayar ba.

Ya zo Masar da matarsa Husaina da 'yarsu Shahd, ba shi da komai sai katin gudun hijira. Daktora Amna, 'yar Masar da ke shugabantar ƙungiyar, ita ta ɗauke shi aiki, kuma ita ta ba ni labarin abin da ya faru a 2011. A shekarar juyin juya hali, da hankalin kowa ya koma Alƙahira, wani ɗan kwangila ya kawo tifofi wani ƙauyen masunta a gaɓar Bahar Maliya, kudu da garin Ƙusair. Yana son ya faɗaɗa bakin ruwa saboda otal. Ya zube ɓaraguzai da ƙasa a kan murjanin da ke tsare ƙauyen tun kafin a haifi kakansa. Babu wanda ya tsayar da shi. Kafin shekara ta zagayo kifi ya yi nisa, ruwa ya fara cin gindin bangon masallacin ƙauyen.

Wai a ce abin da Allah ya gina a ɗaruruwan shekaru, mutum ɗaya ya binne shi a 'yan makonni don baƙi su sami wurin shimfiɗa kujerun shan iska. Har yau ban ji an hukunta shi ba.

Daktora Amna ta ce da suka isa ƙauyen, ita zama ta yi a bakin ruwa. Baba Ya'ƙub kuwa ya cire riga ya shiga. Ya yi ta nutsewa yana tono guntayen da ke da sauran rai daga cikin laka, yana miƙo su cikin bokiti. Waɗanda suka fi jigata aka kawo Giza a akwatunan sanyi, tun da a can ruwan ya gurɓace, kuma babu mai tsare su.

Daga nan ne ainihin wahalarsa ta fara. A zafin 2014, duk wanda ya zauna a Alƙahira ya san yadda ake ɗauke wuta sau da yawa a yini. Murjani ba ya jure ruwa mai ɗumi, kuma ba ya jure ruwan da ya tsaya. Ƙaramin janareton ƙungiyar ya ƙone. Baba Ya'ƙub ya koma kwashe ruwa da kofi yana zubawa daga sama, tanki bayan tanki, har kafaɗarsa ta daina ɗaguwa. Husaina, wadda ke aikin gida a unguwar Mohandessin, ta bi matan Sudan na layinsu ɗaya bayan ɗaya tana roƙon kowace ta daskarar mata da gorar ruwa in wuta ta dawo. Wata ta tambaye ta ko mara lafiya gare su. Ta ce mata e, ma'alish, a yi haƙuri, marasa lafiyan mijinta Abu Shahd ne, kuma suna da yawa. Haka aka riƙa kai gorunan ƙanƙara a tuk-tuk, babur mai ƙafa uku. Wasu rassan sun yi fari sun mutu, ya kwashe su da hannunsa bai yarda kowa ya taɓa ba. Mafi yawa sun rayu.

Kai ne ka yi wannan, Baba Ya'ƙub. Kai da yaran layi ke bi da tsokana saboda baƙin fatarka, kai da kan kwashe yini a layin sabunta takardar zama, ka tsaya kana renon tekun ƙasar da ba ta taɓa ce maka ɗanta ba. Manomin ƙarƙashin ruwa, da wa za a haɗa ka?

Da sanyi ya shigo suka mayar da rassan ƙauyen. Shi da masuntan suka kafa su a kan ƙarafuna a gefen inda aka binne na farko. Hajj Hasan, dattijon masuntan, ya ba shi ɗaki a gidansa, ya hana kowa jefa anga a wurin.

A farkon 2015 tifofin suka dawo. Baba Ya'ƙub yana ƙauyen a ranar. Daktora Amna ta kira shi daga Alƙahira ta roƙe shi kada ya matsa kusa, ta tuna masa cewa ita in an kama ta gida za ta dawo, shi kuwa ana iya tasa ƙeyarsa zuwa iyaka. Ya saurare ta har ta gama.

“Tamam, Daktora, na ji,” in ji shi. “Amma ni na ɗaure rassan nan a can da hannuna. Ba za su iya gudu ba.”

Ya je ya tsaya cikin ruwa har ƙugu, daidai inda tifar farko za ta juye kayanta. Direban ya yi ta danna ham. Sai ɗaya daga cikin masu gadin ɗan kwangilar ya shigo ruwan, ya kira shi da sunan da ba zan rubuta ba, ya ɗauke shi da mari a kunnen hagu, kunnen da nutso ya riga ya raunana. Hajj Hasan ya ce ya ga jini na gangarowa a wuyansa, ya ga ya yi tangaɗi, ya kuma ga ya koma daidai inda yake. Ganin haka masuntan suka shiga ruwan da rigunansu, matansu suka biyo baya. Tifofin suka juya da kayansu. Maganar tana kotu har yanzu.

Wanda ya yi marin yana nan yana gadinsa. Baba Ya'ƙub kuwa likita ya ce masa khalas, ta ƙare, shi da nutso har abada, don kunnen ya fashe, ɗayan ma yana bin sa. Wannan shi ne sakamakon da ya samu. Babu lambar yabo, babu ko layi ɗaya a jarida. Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami, raina a ɓace.

Kwanan baya na je gaishe shi, sai ga wayar Hajj Hasan. Baba Ya'ƙub ya manna ta a kunnen dama, ya juya kai, ya sake mannawa, sannan ya miƙa wa Husaina. Ta saurara, ta matso bakinta kusa da shi.

“Abu Shahd, ya ce ƙananan kifi sun cika wurin. Ya ce rassan sun rufe ƙarfen, ba a ganinsa.”

Ya sa ta maimaita. Sannan ya yi tambaya ɗaya, ko na gefen arewa ma sun kama, don su ya fi jin tsoro. Ta tambaya, ta gyaɗa masa kai. Ya daɗe yana kallon tafin hannunsa.

Mun gode, Baba Ya'ƙub. Allah ya saka maka da abin da mutane suka hana ka, ya bar maka sauran jinka. Mu kuma ɗaliban da muka zo Masar muke karanta hukuncin ɓarna a bayan ƙasa, ya kamata mu ji kunya in karatun ya tsaya a baki. Kowa yana da wani ruwa ko wata ƙasa da ake kashewa a gabansa yana kallo. In kuma kun haɗu da dattijon a layin Ard al-Liwa, ku tsaya ta damansa, ku ɗaga murya ku gaishe shi da sunansa.