Buhu Biyar na Kawu

Shekarar da maigidana ya yaye ni na buɗe garejina a Ƙofar Ruwa, ji nake kamar ni na ƙirƙiro birki. Na samu wani shafi a waya, ka sa masa nauyin mota da na kaya da girman taya, ya gaya maka birkin da ya dace. Maigidana kuwa da ido yake awo. Sai ya ɗan girgiza mota ya ce, "Sa mata babba." A raina ina yi masa kallon mutumin da.

Aikina na farko na kawuna ne, mai sayar da hatsi a Zaitawa. Ya kawo tsohuwar A Daidaita Sahu, a yanke ta a ƙara mata tsawo ta koma ta dakon kaya. Da wannan aikin zan yi suna, ko in zubar da shi tun ban tara ba.

A gaban masu kayan gyara na zaro waya, har da gyaran murya. "Kawu, buhu nawa za ka riƙa ɗora mata?"

Ya dubi jama'a, ya dubi ƙasa. "To, ɗan abin da ba a rasa ba. Biyar haka."

Na rubuta biyar. Maigidana da ya zo ganin aiki ya ja ni gefe. "Bakano ba ya faɗin yawan kayansa a bainar jama'a, tsoron baki yake. Ninka uku."

Na ce, "Baba, lissafi ba ya ƙarya." Na sa mata birkin buhu biyar.

Ran kwana na huɗu da fara dakonta, a gangaren Goron Dutse, birkin ya ɗau zafi ya saki. Allah ya kiyaye, tulin yashin wani mai gini ya tare ta, direba ya tsira da targaɗe. Na iso ina haki, na ƙirga buhunan gero a warwatse, goma sha bakwai. Na ji kunya, amma takaicin ya fi.

"Kawu, ai biyar ka ce!"

"Biyar ɗin ma da ka sa na faɗa a gaban mutane, ga abin da baki ya jawo. Da na faɗi gaskiya fa? Da yanzu gawa ake ɗauka."

Kafin la'asar duk Zaitawa ta ji. Ba wanda ya ce Kawu ya yi ƙarya. Cewa aka yi ba ni da kunya, na titsiye babba a kasuwa ya faɗi dukiyarsa. Wata da watanni ko birkin keke ba a kawo mini ba.

Dole na rufe gareji, na koma gaban maigidana na durƙusa. Ya miƙo mini sifana ya ce, "Wayarka ta san ƙarfe. Kawunka ne ba ta sani ba."