Dambun Safiatou Mai Gumaka

Safiatou 'yar maƙeran Damagaram ce, mai baki kamar reza. Tun da mijinta ya rasu take hawa jirgin ruwa na feri kullum daga Staten Island, ta kafa tebur kusa da Battery Park, tana sayar wa 'yan yawon buɗe ido ƙananan mutum-mutumin matar nan mai ɗaga tocila. Da wannan sana'a ta raini 'ya'ya uku, ba ta taɓa roƙon kowa ko gishiri ba.

Sai ga shi ran wani suna a unguwarsu ta Park Hill an maido mata kwanon dambunta a cike, ko murfin ba a ɗaga ba. Hajiya Suweiba, shugabar matan unguwa, ita ta hana: wai abincin cinikin gunki ne. Ko Safiatou ta bar teburin, ko mata su bar kwanonta. Kai, abin ya ci mata rai! A ƙasar da ba dangi, waɗannan matan su ne danginta.

Ba ta yi kuka ba. Ta ɗaura kallabi, ta hau jirgin ruwa zuwa tsibirin da babban mutum-mutumin matar yake tsaye, ta shiga gidan tarihin da aka keɓe wa aikin Bafaranshen da ya ƙera matar. Ta ce sai idonta ya gane mata masu yi wa gunkin sujada. Ina! Hotuna kawai ake ɗauka, yara na ta guje-guje. Ta tsaya gaban wata ƙatuwar fuskar matar da aka ƙera da tagulla, ta shafa, ta ƙwanƙwasa. Ƙarar da ta ji irin ta tasoshin da babanta ke bugawa ce a maƙera.

Da wani sunan ya zagayo, ta sake turara dambu da zogale, ta dire shi tsakiyar mata.

"Hajiya, na tafi na gano. Tasa ce babba, cikinta fayau. Ba mai bauta mata, ni ma Allah nike bauta wa. Teburina kuwa yana nan daram."

Hajiya Suweiba ta kau da kai, sauran mata suka sunkuya. Safiatou ta jira, ba hannun da ya miƙo. Idonta ya ciko da ƙwalla, amma ta buɗe murfin da kanta, ta ja kwanon gabanta, ta yi bismilla da ƙarfi, ta fara ci.