Jirgin Bappa da Hannun Malam

Shekarar da muka gudo daga Baga, a gidan ƙanin mahaifin mijina muka sauka a Jimeta. Ya daɗe a Adamawa har ya zama ɗan gari, kowa Bappa yake ce masa, mu ma muka bi sahu. Ya ba mu ɗaki ɗaya a bayan gida, dab da turken tumaki. Duk baƙon da ya zo sai an leƙo da shi ya ga 'yan gudun hijirar Bappa. Mu durƙusa mu gaishe shi, ya yaba wa mai gida, su koma falo.

Mijina, wanda nake ce wa Malam, ɗinkin hula ne sana'arsa. Allura da zare kaɗai ya tsira da su, kuma da su muke sayen sabulu da maganin yara ba sai mun je mun tsaya a ƙofar falo ba. Hannun nan nasa na dama shi ne abin da ya rage mana, da shi muke sa ran wata rana mu kama haya mu bar gidan.

Shi kuwa Bappa ya yi ritaya, abin yi ya ƙare masa. Lokacin da mutane ke kwana da kaya a ɗaure saboda ana cewa mayaƙan da suka kore mu sun doso gari, shi jirgin ruwa yake ƙerawa a tsakar gida. Ba na kamun kifi ba, ba na fito ba. Wai na gasar tsere, irin wanda ya gani a talabijin, siriri, ba inji, iska ke tura shi da ƙyalle. Babbar damuwarsa a duniya kada jirgin ya fashe in ya yi karo yana tsananin gudu. Ya sa kafinta ya yi masa haƙarƙari da maɗaci, aka ninka katakon gindin, aka lulluɓe hancin da farantin ƙarfe. Kullum da safe sai ya fito da guduma yana ƙwanƙwasa shi yana kasa kunne, kamar mai zaɓen tukunya a kasuwa. Ƙyallen kuwa Malam aka sa ya ajiye hulunan mutane ya ɗinka.

Da aka gama, Bappa ya ce sai an gwada shi da karo na gaske. To, wa zai hau? Shi yana da hawan jini. 'Ya'yansa kuma ai ba don irin wannan aka haife su ba. Sai ya dubi Malam ya ce, "Ai ga ɗan Baga a gida. Ku da aka haifa cikin ruwa!"

Haka mutanen nan suke. Gani suke duk wanda ya fito daga bakin tafkin Chadi masunci ne. Malam a rumfar kasuwa ya girma. Sau nawa ma ya shiga kwalekwale, shi ma a zaune, ido rufe, yana salati?

Da muka koma ɗaki na ce, "Malam, don girman Allah ka faɗa masa ba ka iya ba."

Ya ce, "Muna cin tuwonsa, muna kwana a ɗakinsa. Da wane bakin zan ce a'a?"

Na ce da bakin da yake cin tuwon mana. Ya koma kan ɗinkinsa. Ni kuwa ji na yi kamar in fita in cinna wa jirgin wuta.

Da damina ne, kogin Binuwai ya cika, aka kai jirgin ƙasan gada da la'asar, ana iskar hadari. Bappa ya gayyato abokansa har da kujerun roba. Ya nuna wa Malam wani tsibirin yashi mai kututture a bakinsa, ya ce can zai nufa, kada ya kauce. Sannan da hannunsa ya ɗauki igiyar ƙyallen ya nannaɗe ta a hannun Malam na dama, wai don kada ta suɓuce.

Ba zan yi ƙarya ba, jirgin ya yi gudu. Iska ta cika ƙyallen, kafin in gama salati ya yi nisa. Muna daga gaɓa muka ji ƙarar karon. Malam ya yi sama ya faɗa gaba, igiyar kuwa ba ta saki hannun ba.

Masunta ne suka kwance shi suka ɗauko shi. Kwalekwalensu na dawowa, wanda Bappa ya hau na tafiya, suka gifta juna a tsakiyar ruwa. Bappa ko waiwaye bai yi ba. Ya tattare babbar riga ya dira a yashi, ya shafa hancin jirgin, ya leƙa ciki, sannan ya ɗaga hannu ya ƙwala wa abokansa kira: "Ko tsagewa bai yi ba!" Su kuma tsofaffin banza suka tashi suna tafi.

Mai ɗori ya yi iya ƙoƙarinsa. Wuyan hannun ya haɗu, yatsun kuwa suka warke a karkace. Ranar da aka kwance karan ɗorin, Malam ya ɗauko wata hula da ya bari rabi, ya kama allura, ta faɗi. Ya sake kamawa, ta sake faɗuwa. Ya naɗe hular ya ce in mayar wa mai ita, in ba shi haƙuri.

Bappa ya zo dubiya da lemo a leda, ya zauna a bakin tabarma yana nuna wa Malam hoton karon a waya. Malam ya ce, "Madalla, Bappa, Allah ya ƙara basira." Ni ma na durƙusa na ce mun gode. Ban taɓa raina mutum kamar yadda na raina shi a durƙushen nan ba, amma ina za mu je?

Yanzu gari ya lafa, wasu ma sun koma gida, mu muna nan. Jirgin bai sake shiga ruwa ba, an yi masa rumfar kwano a tsakar gida. Bappa ya ce bai kamata magidanci ya zauna haka ba aikin yi, don haka ya samar wa Malam aiki. Duk ranar Juma'a da safe shi ke wanke jirgin, da hannun hagu.