Tashar da Inna ta nema

Jiya bayan la'asar ina durƙushe a ɗakin sama, a gidanmu na unguwar Ka'akiyya, nan ƙasa mai tsarki, ina auna inda zan ƙara wa ɗan jirgin ƙasana na wasa layin dogo. Niyyata in gina dutse mai rami, irin wanda motoci ke ratsawa a unguwar Aziziyya.

Sai ga mahaifiyata ta hawo da sandarta, ita da kullum take cewa wasan yara nake yi da furfurata.

Ta daɗe tana kallon jirgin yana zagayawa, sannan ta ɗora yatsa a gefen katakon da babu komai.

"Habibu, kar ka sa dutse a nan. Zuba yashi, ka kafa bishiya guda."

Na ce, "Inna, ai wurin ba zai yi kyau ba."

Ta ce, "Haka tashar take a Sudan, inda muka binne mahaifiyata a hanyarmu ta zuwa nan, ina yarinya. Jirgin bai jira mun gama addu'a ba."

Na fasa gina dutsen. Yau na zuba yashi, kuma nawa jirgin ba ya barin wurin sai Inna ta shafa Fatiha.

Ku da iyayenku suka biyo wannan hanya, wace tasha suka kasa mantawa?